Hitar da Iska ke Jawo wa Mai: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya taɓa cin sanyi a garejin kanikawa a Amurka ko Kanada, ko a wurin gini a Turai, ya san wannan na'ura ko da bai riƙe sunanta ba. Doguwar ganga ce kwance a kan tankin mai, sau da yawa da tayoyi biyu da mariƙi, tana ruri kamar jirgi zai tashi, bakinta ya yi jajir. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu ita suka fi yi, musamman ranar da ta ƙi tashi.

Wace irin hita ake nufi a nan?

Hita mai cin kananzir ko dizal wadda fanka ke turo zafinta waje. Amurkawa suna ce mata tofido saboda siffarta, wasu su ce salamanda. Sunayen da aka fi gani a jikinta su ne Reddy Heater, Master, Remington, Mr. Heater da Dyna-Glo. Ukun farko sun daɗe suna fitowa daga kamfanin DESA da ke Bowling Green a jihar Kentucky, kafin ya durƙushe a 2008, shi ya sa kayan cikinsu suke kama da juna kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya.

Ba risho ba ce, ba ta da lagwani. Ba kuma hitar ɗaki ba ce. An yi ta ne don gareji, rumbun kaya, ginin da ba a gama ba, da wurin da ake so siminti ko filasta ya bushe alhali ƙanƙara na sauka a waje.

Na buɗe ta na duba ko'ina, ban ga famfon mai ba. Ina yake?

Babu shi. Ba a sace ba, ba a kuma manta ba, haka aka ƙera ta. Abin da za ka gani tsakanin tanki da nozul, wato ɗan bakin da ke fesa mai cikin wuta, bai wuce tiyo ɗaya da 'yar matata ba. Tankin yana ƙasa, nozul yana sama, kuma babu abin da ke tura man ya hau. Iska ce ke zuƙo shi.

Wanda ya riƙe wannan ya rage wa kansa rabin wahala. Kanike ya saba da mota, inda in mai bai zo ba sai a tuhumi famfon mai. A nan in mai bai zo ba, iska ake fara tuhuma.

To ta yaya iska za ta ɗaga mai daga ƙasa zuwa sama?

Masu shekaru za su tuna da famfon fesa maganin sauro na da, mai doguwar sanda da ɗan gwangwani a rataye a gaba. In ka tura sandar, iska ta fita da gudu ta wani ɗan rami, ta gifta bakin siririn bututun da ke tsome cikin gwangwanin, sai ka ga maganin ya hau ya fita feshi. Babu wanda ya tura maganin. Haka bindigar fenti mai kofi a ƙasa take aiki, haka ma kafiretar babur da ta janareta.

Dalilin shi ne, in aka tilasta wa iska ta bi ta matsattsen wuri, gudunta na ƙaruwa, matsinta kuma a daidai wurin ya ragu. Daniel Bernoulli, ɗan ƙasar Suwizalan, ya bayyana alaƙar gudu da matsi a 1738, sai Giovanni Battista Venturi na Italiya ya nuna ta a bututu mai matsattsen wuya a 1797, har yau kuma sunansa ake kiran irin wannan wuyan da shi.

A cikin nozul ɗin hitar hanyoyi biyu ne. Ta tsakiya ta mai ce, ita ke haɗe da tiyon da ya gangara tanki. Ta kewaye ta iska ce, an tsaga mata 'yan layuka a karkace yadda za ta fito tana juyawa kamar guguwa. A bakin nozul iskar ke kewaye ƙarshen hanyar mai da gudu, matsin wurin ya faɗi ƙasa da na sararin duniya. A can cikin tanki kuwa iskar waje tana danne man ta ɗan ramin da ke jikin murfi. Ga danni a ƙasa, ga sarari a sama, dole mai ya hau. In za a faɗi gaskiyar magana, iskar duniya ce ke turo shi, nozul buɗe masa hanya kawai ya yi. Kamar dai mai shan lemo da tsinke.

Aikin iskar bai tsaya nan ba. Da man ya leƙo, ita ce ke yayyaga shi ya koma ɗigo-ɗigo ƙanana kamar hazo. Kananzir a kwano ba ya saurin kamawa, amma in ya zama hazo, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ke nan iska ɗaya, aiki biyu: ɗauko mai da niƙa shi.

Ita wannan iskar daga ina take fitowa?

Daga wani ƙaramin famfo da ke maƙale a bayan injin lantarkin da ke juya fanka. Sanda ɗaya ce: gabanta fanka, bayanta famfon iska.

Kwance murfin roba na baya, ka cire matatun, ka kwance farantin ƙarfen da ke ƙarƙashinsu. Za ka tarar da zoben ƙarfe, a cikinsa akwai wani baƙin dunƙule mai kama da ƙaton kwabo mai kauri, shi ne rota. Da kabon aka yi shi, in ka shafa yatsa sai ya baƙanta kamar ka taɓa bakin fensir. An tsaga shi gida huɗu, a kowace tsaga an zura ɗan allo na kabon wanda ke shiga yana fita a sake. Lura da kyau, rotar ba a tsakiyar zoben take ba. Ta sama ta kusan taɓa shi, ta ƙasa kuwa akwai fili mai siffar jinjirin wata. In ta juya, gudun juyin ya watsa allunan waje su manne da bangon zoben. Tsakanin allo da allo sai a sami ɗan ɗaki. Ɗakin na faɗaɗa a gefe ɗaya ya sha iska, ya matse a ɗaya gefen ya tofar da ita. Shi ke nan famfon. Babu fistan, babu bawul, babu man shafawa.

Ratar da ke tsakanin rota da zobe a sama ita ce ran abin. Littattafan DESA sun ce inci 0.003 zuwa 0.004, wato kusan milimita 0.1, kaurin takardar rubutu guda. Da fila geji ake saita ta, irin wanda ake gwada bawul ɗin mota da shi. In ta yi faɗi iska ta zille baya, matsi ya faɗi. In ta matse rota ta goga, ta yi zafi, ta tsage.

Matatu uku ke tsaron wannan famfo. Soso a mashiga, mai hana ƙura shiga. Sai biyu a mafita, masu tare garin kabon da allunan ke zubarwa, don kada ya tafi ya toshe nozul.

Ashe iskar famfon ce wutar ke ci?

A'a, ba ta kai ko kusa ba. Litar kananzir guda tana buƙatar iska kusan kubik mita 10, wato cikin ƙaramin ɗaki guda, kafin ta ƙone sarai. Wannan aikin fanka ne. Wani kaso na iskar fankar na shiga tukunyar wuta don ƙonewa, sauran ya bi ta gefe ya sanyaya gangar, su haɗu a gaba su fita da zafi.

In na ƙara matsin iska, wutar za ta fi tsabta ke nan?

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. A murhu, in ka ƙara fifita wuta sai hayaƙi ya ragu. A wannan hita kuwa, ƙara iskar famfo ƙara mai ne, tunda ita ke zuƙo shi. Fanka kuma ba ta ƙara komai ba, gudunta ɗaya ne. Sai mai ya fi ƙarfin iskar da za ta ƙona shi: harshen wuta ya riƙa leƙowa waje, wari ya tashi, farantin ƙarfen da ke bakin gangar ya yi zafin da ya wuce ƙima har ya lanƙwashe ko ya huje. In kuma ka rage matsin da yawa, mai ya yi kaɗan, feshin ya yi gwari-gwari, wutar ta riƙa tari tana neman mutuwa, idanu su yi yaji.

Saboda haka dunƙulen saitin, wato sukurun da ke jikin murfin baya, duk da iska yake sarrafawa, shi ne totur ɗin hitar. Cikinsa ɗan ƙwallon ƙarfe ne da sifirin. In matsi ya wuce yadda aka saita, ƙwallon ya ɗaga, rarar iskar ta fice. Ɗaure shi dama, sifirin ya ƙara tauri, matsi ya hau. Sassauta shi hagu, ya sauka.

Matsin kansa ɗan kaɗan ne. Yawancin hitocin nan tsakanin psi 3 zuwa 7 suke aiki (psi ma'aunin matsin iska ne), tayar mota kuwa tana ɗaukar 30 da 'yan kai. Kowane samfuri da lambarsa, an buga ta a jikin takardar da ke manne a gefen hitar. Kusa da dunƙulen saitin akwai wata toshiya, ita ake cirewa a ɗaura geji mai karanta 0 zuwa 15, a tayar da hitar, a juya a hankali har allura ta zauna kan lambar. Gejin mai faci ba zai yi ba, don a wurinsa psi 4 da 5 duk ɗaya ne, a wurin hitar kuwa rabin psi ma magana ce.

Akwai masu saitawa da ido, su ce in farantin gaba ya yi ja kamar garwashi ba tare da harshen wuta ya fito ba, to ta zauna. Ba ƙarya suka yi ba, amma launin da ka gani da rana daban yake da na dare. Ni dai geji nake bi.

Me ya sa ba a sa mata famfon mai ba kamar tukunyar ɗumama gida?

Kuɗi da sauƙi. Bona, wato na'urar fesa mai da kunna wuta, wadda ke ɗumama gidaje a arewa maso gabashin Amurka da Turai, irin ta kamfanin Beckett ko Riello, famfon mai gare ta mai haƙora, yana matsa man zuwa psi 100 ko 140, ya tura shi ta ramin da bai fi tsinin allura ba. Ƙarfin matsin kaɗai ke farfasa man. Tsarin yana da kyau, ba ya damuwa da nisan tanki, amma famfon da tsada, ramin kuma ɗan datti kaɗan ke toshe shi.

Nozul mai aiki da iska raminsa na mai ya fi faɗi nesa ba kusa ba, don ba matsi ke farfasa man ba. Ga na'urar da za a jefa bayan a-kori-kura, a zuba mata mai daga jarkar da ta kwana a wurin gini, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sannan in injin ya tsaya, iska ta tsaya, mai ya koma tanki da kansa. Ba a buƙatar wani bawul da zai rufe shi.

Manyan hitocin irin wannan, masu zafi sosai, su kam famfon mai ake sa musu. Zuƙa da iska tana da iyakar abin da za ta iya ɗagawa.

Takan kama, ta yi daƙiƙa biyar ko goma, sai ta mutu. Mene ne?

Wannan ita ce uwar tambayoyin. Akwai wani ɗan ido na lantarki a bayan tukunyar wuta, cikin hular roba, wanda ke kallon hasken wutar. In bai ga haske yadda ya kamata ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, sai ya gaya wa allon lantarki a kashe komai, don kada a yi ta fesa ɗanyen mai cikin ganga mai zafi. Mutane sukan ɗora wa idon laifi su sayo sabo. Wani lokacin kunkunniya ce ta rufe shi, goge shi da auduga ya wadatar. Amma galibi idon gaskiya ya faɗa: wutar ce ba ta da ƙarfi, don mai bai isa ba, don iska ba ta isa ba.

Na taɓa ɓata yini guda kan wata irin wannan. Na sauya fulogi, na wanke tanki, na sa sabon ido, tana nan yadda take. Da na gaji na ɗaura geji, sai allura ta tsaya ƙasa da psi 2, ɗaure dunƙule har ƙarshe bai motsa ta ba. Na kaɗa ruwan sabulu na shafa a murfin baya, yadda mai faci ke neman huji a tub. Nan take kumfa ta fara tashi a gefen wani noti, daga wata tsaga siririya kamar gashi wadda ido bai gani. Wani ne ya taɓa ɗaure notin fiye da kima, robar ta fashe. Kuɗin murfin bai kai na abin da na riga na saya ba.

Tun daga ranar, geji nake fara ɗaurawa. In matsi ya gaza, sai a bi hanyar iska daga baya zuwa gaba: sosan mashiga, murfin roba da gaskit ɗinsa, matatun mafita, allunan rota da ratarta, sannan tiyon iskar da ya tafi nozul, wanda zafi ke busarwa har ya tsage, yawanci daidai inda aka cusa shi. In kuwa matsi daidai yake amma wutar ba ta da kirki, to a koma ɓangaren mai: matatar da ke cikin tanki, ruwa a gindin tankin, nozul, da tiyon man kansa. Shi wannan tiyon mayaudari ne. Tunda zuƙa ake yi a cikinsa ba turi ba, in ya huje ba ya zubar da mai a gani, iska yake sha. Tsinken lemo mai huji a gefe ke nan: ka yi ta ja, kumfa kawai ke zuwa.

Kada a manta da ramin murfin tanki. In ya toshe, hitar takan yi minti da yawa lafiya lau sannan ta shaƙe. Sassauta murfin, in ta farfaɗo ka kama ɓarawon.

Rotar tana ƙara. In ɗiga mata mai?

Kul! Kabon shi ke shafa wa kansa. Mai in ya haɗu da garinsa ya zama kwaɓi, allunan su manne a tsagoginsu su daina fitowa, matsi ya faɗi warwas. Sosan mashiga ma ba a jiƙa shi da mai yadda ake yi wa na wasu babura. Ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe ƙarau, a mayar. Littattafan sun ce a wanke shi duk awa 500 na aiki, matatun mafita kuma a sauya su duk awa 500 ko sau ɗaya a shekara.

Nozul ya toshe, zan iya tsokane shi da waya?

A'a. Ƙarfensa mai laushi ne, in ramin ya faɗaɗa ko ya karce, feshin ya karkace har abada. A kwance shi, a jiƙa cikin kananzir mai tsabta, a hura masa iskar kwamfireso ta fuska, dattin ya koma ta inda ya shigo. A duba 'yar robar da ke wuyansa, wadda ke raba hanyar iska da ta mai. In ta mutu, iska kan kutsa cikin tiyon mai, har ka ji tanki yana ɓulɓul.

Na lura tana fi ƙarfi in tanki ya cika. Idona ne?

Ba idonka ba ne. In tanki ya cika, tazarar da man zai hau gajeriya ce, sai ya zo da yawa. In ya kusa ƙarewa tazarar ta ƙaru, ya zo kaɗan. Dubi siffar tankin: shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, ba dogo mai zurfi ba, kuma hakan na rage wannan bambanci. Dalilin nan ne ya sa haɗa ta da durom a gefe ba dabara ba ce. In durom ɗin ya fi nozul tsawo, mai zai kwararo da kansa ko hitar na kashe, ya cika gangar. In ya yi ƙasa sosai, iskar ba za ta iya ɗago shi ba. Ajiye ta a gangare ma yana sauya lissafin.

Wane mai ya kamata a zuba?

Kananzir mai tsabta shi ne sarki. A Amurka akwai aji biyu: 1-K wanda sinadarin farar wuta a cikinsa bai wuce kashi 0.04 cikin 100 ba, da 2-K mai kaiwa 0.3. Na farkon ake so. Yawancin sababbin hitocin suna karɓar dizal da man jirgin sama, in an rubuta haka a jikinsu. Sai dai dizal ya fi kauri, ya fi wari, ya fi saurin ɓata nozul, kuma in sanyi ya tsananta yakan yi kitse-kitse ya ƙi hawa tiyo. Famfon haƙora zai tura shi da ƙarfin tsiya, iska mai psi 4 kuwa sai dai ta yi lallashi.

Hita mai ƙarfin BTU 75,000 a awa (BTU ma'aunin zafi ne), wato kusan kilowat 22, tana shan kimanin lita 2 a awa.

Fetur kuwa ko da wasa. Kananzir sai ya ɗumama ya kai kusan digiri 38 kafin tururinsa ya kama wuta, fetur kuma yana fitar da tururi mai kamawa ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri. Tankin yana kwance ne a ƙarƙashin wuta. Mu da muka sha jin labarin fitila da risho sun fashe saboda kananzir da aka gauraya da fetur ba ma buƙatar dogon bayani.

Baƙin man da aka juye daga mota fa? Na ji ana ƙona shi.

Ana ƙonawa, amma ba a wannan hitar ba. Akwai wasu daban da aka ƙera don shi, irin na Clean Burn da Lanair da EnergyLogic, waɗanda ake ratayewa a rufin manyan garejin Amurka. Su ma iska ke farfasa musu mai, kuma a nan ne dabarar ta fi nuna amfaninta, domin baƙin mai kauri gare shi da datti, ba zai taɓa bin ramin allura ba.

Abubuwa uku suka bambanta su. Suna karɓar iska daga kwamfireso na gaske, a rage ta zuwa psi goma sha wani abu. Suna da dunƙulen alminiyam mai hitar lantarki a ciki, wanda man ke ratsawa ya yi zafi kamar digiri 60 zuwa 70, ya tsinke kafin ya isa nozul. Sannan yawancin na yanzu suna da ɗan famfo mai auna man, saboda abin da ke tankin gareji yau man inji ne, gobe man giya, kaurinsu ba ɗaya ba, zuƙa kaɗai ba za ta ba da adadi tsayayye ba.

Bayan waɗannan ukun, babban bambancin shi ne bututun hayaƙi. Baƙin mai yana ɗauke da garin ƙarfe da sinadaran da aka zuba masa a masana'anta, tokarsa ma sai an riƙa kwashewa. Dokar hukumar kare muhalli ta Amurka ta yarda gareji ya ƙona shi bisa sharuɗɗa uku: man ya zama nasa ne ko wanda masu sauya man motarsu a gida suka kawo, ƙarfin hitar kada ya wuce BTU 500,000 a awa, hayaƙin kuma ya fita waje. Tofido ba ta da bututu, duk abin da ta ƙona a huhunka yake sauka.

Mece ce bonar Babington da masu ƙere-ƙere ke yawan ambata?

Wata hanya ce ta daban, mai ban sha'awa, da wani injiniya Ba'amurke, Robert Babington, ya yi wa rajista a ƙarshen shekarun 1960. Maimakon mai ya bi ta rami, sai a kwarara shi a kan ƙwallon ƙarfe mai fanko, ya lulluɓe ƙwallon da shimfiɗa siririya. A jikin ƙwallon akwai ɗan huji, iska na fitowa ta ciki, ta fasa shimfiɗar man ta watsa shi hazo. Man da bai tafi ba ya gangara kwano, famfo ya sake ɗaga shi. Iska kaɗai ke bin hujin, don haka dattin mai ba shi da abin toshewa. Sojojin Amurka sun yi amfani da bonar wannan tsari a kayan girkinsu na fagen daga.

Masu haɗa ta a gida da mariƙin ƙofa na tagulla suna da yawa. Abin da galibinsu ba sa sawa shi ne idon da zai kashe ta in wuta ta mutu, kuma famfon ba ya sanin wuta ta mutu.

Za a iya kunna ta a ɗaki a rufe ƙofa?

Ba a yi. Tana cinye iskar shaƙa, kuma in saitinta ya kauce tana fitar da kabon monoksaid, gubar nan marar wari da ke kashe iyali guda in an kwana da janareta a cikin gida. Littattafan masu ƙera ta sun ce a bar kafar iska daga waje mai faɗin ƙafa 3 murabba'i, wato santimita 2,800 murabba'i, ga kowane BTU 100,000. A bar mita 2.4 tsakanin bakinta da duk abin da zai iya kamawa, mita 1.2 ta gefe da baya da sama. Ba a kwana da ita, ba a cika mata mai tana ci ko tana da zafi. Ciwon kai, jiri ko tashin zuciya na nufin a kashe a fita waje.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: kowace litar kananzir da ta ƙone tana sakin kusan litar ruwa guda a matsayin tururi. Shi ya sa kayan aiki ke tsatsa a garejin da ake yawan kunna ta, gilashi ya yi ta gumi.

Na ga wata cikin kayan gwanjo daga Amurka. Za ta yi aiki a Jos ko a Zinder?

Duba takardar jikinta tukuna. Ta Amurka wutar bolt 120 take ci, mai bugun 60 a daƙiƙa. Ta Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, mai bugun 50. Taransifoma zai gyara maka bolt, amma ba ya taɓa bugun. Injin da aka yi ya juya sau 3,450 a minti zai dawo wajen 2,850, kuma sanda ɗaya ce ke ɗauke da fanka da famfon iska, duka biyun sun rage ke nan. Kana iya ɗaure dunƙule ka mayar da matsi kan lambar da aka rubuta, amma sai ka ba ta cikakken mai alhali fankar ba ta kawo cikakkiyar iska ba. In za ka saya, nemi samfurin Turai mai 230 da 50.

Jos kuma tana da nata ƙarin. Tana sama da teku da kusan mita 1,200, iskar can ta fi ta bakin teku sauƙi da sama da kashi 10 cikin 100, don haka wutar ta fi saurin yin hayaƙi. Lokacin da za ka buƙaci hitar kuwa shi ne lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke shiga ko cikin akwati a kulle. Awa 500 ɗin nan na wanke soso ba da ƙurarmu aka lissafa ta ba. Riƙa ciro shi kana dubawa duk 'yan kwanaki, ka kuma ajiye na biyu busasshe a leda, don ranar da ka wanke ɗaya da daddare ba zai bushe kafin asuba ba.